Na cakuɗa girkin Isufu

Jama'a, yau na ja wa garinmu Filinge kunya a Yamai!

Mun zo hutu ni da Hamidu. Abokinmu Isufu, kuku a gidan abincin Sifaniyawa, ya ce sai mun ɗanɗani abincinsu "tafas". Aka jera mana ƙananan farantai: kifi, zaitun, dankali, har da wani mai zuma. Na ce, "Mi ne wanga, magani?" Na jawo babban tire, na juye su duka, na cakuɗa kamar dambu!

Hamidu ya ce, "Sani, bari!" Ina!

Sai ga Isufu da maigidanshi Bature, Isufun zai nuna mishi girkin da ya yi mana tun safe. Baturen ya leƙa tiren, ya dubi hannuna.

Isufu ya ce, "Patron, wallahi ban san mutanen ga ba."