Akuyar Da Ta Zaɓa Mana Keke

Ni ban san tafiya ba, ko Keana sai na yi shekara ban leƙa ba. Amma ƙanina Ɗanladi ya nace zai shiga tseren keke, a wurin aiki kuma aka hana shi hutu, don haka ni aka tura Jos sayen keke. Dogo ne ƙwarai. Ya auna ƙafarsa da ɗanyen karan dawa, daga ƙasa har matsematsi, ya yanke.

"Yaya, wannan karan shi ne ni. Kada ka yar da ni."

Garin Lafiya zuwa Akwanga

Da aka idar da sallar asuba na shiga bas, kara a tsakanin ƙafafuna. A bayana wani Bafulatani ne da akuyarsa. A shingen Akwanga ɗan sanda ya leƙo. "Oga, wannan sanda na menene?" Na ɗaga in nuna masa, sai na ga gindin karan a tattaune, akuya tana ta lashe baki.

Na ce, "Malam, akuyarka ta cinye ƙanina!"

Ya ce, "Ayya, kaɗan ne ta taɓa."

Kaɗan ɗin nawa? Direba ya ce taƙi guda, wata mai gishiri ta ce yatsa biyu. Muka yi ta musu har Jos, ko doyar da na saya a hanya ban ji daɗinta ba.

Jos

Mai shagon ya jero mini tambayoyi: giya nawa, wane sirdi, wace kaca? Na ga kan keken a lanƙwashe kamar ƙahon rago, taya siririya, ba kariya, ba ƙararrawa. Na ce, "To ina zai ɗaura buhu?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya karɓi karan, na ce a ƙara yatsa biyu, maganar mai gishiri ta fi shiga kunnena. Ya auna, ya zaro keke. Na kwana a tasha rungume da shi.

Gida

Ɗanladi ya hau a ƙofar gida, 'yan unguwa sun taru. Taka feda ɗaya, gwiwarsa ta daki kan keken. Muka ɗaga sirdi har ƙarshe, a banza. Ya sauko ya jingine keken, tsere kuma saura mako guda, ba halin canzo wani, damar ta wuce shi.

Innarmu ta ce, "Kai hau mu gani."

Na hau. Cif, kamar tela ya auna ni.

Alhamdu lillahi da na dawo lafiya. Amma yanzu kullum da asuba Ɗanladi na buga mini ƙofa: "Yaya, fito atisaye, kai za ka yi tseren, garin Ashige za ka je ka dawo." Allah ya isa tsakanina da akuyar nan.