Ranar da Baba Ya Ce Shi Bai So Ba

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, a shekarar da na cika sha biyu, Baba ya tashe ni da sassafe ya ce in saka rigar sanyi, za mu Birmingham. Daga Manchester muka hau bas, ni a gefen taga, shi riƙe da ledar dambun naman da Mama ta ce a kai wa ƙaninta, Kawu Sadi, a unguwar Sparkbrook. Amma na san ba dambu ne ya fito da mu ba. Bayan mun gaisa da Kawu mun sha shayi, sai muka wuce wani ƙaramin shago mai ƙofar ƙarfe, wadda sai an danna ƙararrawa ake buɗewa. Mai shagon, wani dogon Bature mai furfura, ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan kanta, ya jera ƙananan bindigogin iska guda uku, irin waɗanda ake gasar harbin takarda da su. Ta farko ta yi mini nauyi, bakinta sai sunkuyawa yake yi. Ta biyu mariƙinta ya fi ƙarfin tafina. Ta ukun tsohuwa ce, katakon mariƙinta har ya yi santsi don riƙo, amma ina ɗaga ta na ji kamar hannuna aka auna aka sassaƙa ta. Baba ya dube ni ya ce, "Fa'iza, ke za ki riƙe ta, ke za ki zaɓa." Doka ba ta yarda mai shekaruna ta mallaki irinta ba, don haka da sunansa aka rubuta, shi ya sa hannu. Harsashin ma sai da muka zaɓa, 'yan ƙwayoyin dalma kamar dawa a cikin gwangwani. Muka ɗauki masu faffaɗan kai, domin su ke huda takarda tsaf ba tare da sun yaga ta ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Ardwick ta Manchester, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai ɗaki biyu, inda tagar kicin ke kallon wurin ajiye shara. Baba yana digirinsa na uku da tallafin karatu daga gida Najeriya, Mama tana ɗinki a falo. Aikina shi ne wanke-wanke, sauke shara, da jan akwatin kayan wanki zuwa shagon injin wanki duk ranar Juma'a. A makaranta ba ni da wani abin a zo a gani. In ana tsallen igiya ƙafata ke harɗewa, in ana zaɓen 'yan wasan ƙwallo ni ce ta ƙarshe. Baba ne ya ga sanarwar wani kulob na harbi a allon ɗakin karatu, ya dawo gida yana murna kamar an yi masa kyauta. Mahaifinsa maharbi ne a ƙauyensu, kuma tun ina ƙarama nake jin labarin yadda tsohon ke ɗura adaka ya fita da asuba. Mama ta ce, "Yarinya mace da bindiga, Malam?" Ya ce takarda za ta harba, ba gada ba, kuma wasa ne da ake yi har a gasar duniya.

Kulob ɗin yana ƙarƙashin wani zauren motsa jiki, dogon ɗaki mai sanyi da ƙamshin mai. Wata tsohuwar Baturiya ce ke koyar da mu, Misis Pat, mai kaushin murya da taushin zuciya. Dokarta ta farko ita ce: "Bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da babu komai a cikinta." Tazarar mita goma ce tsakaninki da takardar, hannu ɗaya za ki ɗaga, ɗayan yana aljihu. Ki ja numfashi, ki saki rabi, ki matsa kunama a hankali har harbin ya fita ba ki san lokacin ba. A nan na gano cewa rashin hayaniyata, abin da ake yi mini dariya a kai, baiwa ce. A gida kuwa Baba ne kocina. Yakan cika gora da ruwa ya ce in miƙe hannu in riƙe, yana karatunsa yana duba agogo, in hannuna ya fara rawa ya ce saura kaɗan. Bindigar tana cikin akwati a kulle a saman kwaba, mukullin a aljihunsa, ba ta fitowa sai ranar Asabar. Kafin shekara ta zagayo Misis Pat ta sa sunana cikin yaran da za su je gasa a Birmingham.

Saura wata guda gasar, malamarmu ta ce kowa ya kawo abin da yake alfahari da shi. Wasu suka kawo hoton kare, wata ta kawo takalmin rawa. Ni takardar harbina na kai, wadda hudoji biyar suka taru a tsakiyarta. Baba da kansa ya zaɓo ta cikin tarin takarduna, ya sa ta a leda don kada ruwan sama ya taɓa ta. Na tsaya gaban aji da ɗankwalina na yi bayani, yara suka tafa. Malamar ma ta yi murmushi, amma na ga ta rubuta wani abu. Bayan kwana uku wasiƙa ta iso gida, ana neman Baba.

A ofishin shugabar makaranta muka tarar da mutum uku: ita kanta, wata mata daga kansul, wato ƙaramar hukuma, da wani ɗan sanda cikin kayan gida. Ɗan sandan ne ya fara magana, a natse. Ya ce ya riga ya tuntuɓi kulob ɗin, komai bisa doka yake, tambayoyi kawai za su yi su rufe maganar. Na ji sanyi a raina. Sai matar kansul ɗin ta tambayi Baba yadda aka yi na fara. Na juya ina jiran ya ba su labarin allon ɗakin karatu da gorar ruwa, har na shirya yin dariya. Hannunsa na kan gwiwarsa, yana murza hularsa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gaskiya ni tun farko ban so ba. Ita ce ta nace. Kullum maganarta bindiga, ni ma abin ya fara damuna." Da Turanci ya faɗa, a hankali, kowace kalma ta fita sarai. Matar ta sunkuya ta rubuta. Ban yi kuka ba, ban ƙaryata shi ba. An koya mini ba a musu da uba a gaban baƙi.

Saboda wannan maganar tasa, mako shida ana fitar da ni daga aji duk ranar Laraba. Ana zaunar da ni da wata mata, tana tambayata abin da nake kallo a waya da ko akwai wanda nake jin haushi. Yaran da suka tafa mini suka fara ɗaga hannu sama in na shigo, kamar an nuna musu bindiga, suna dariya. A gida Mama ta ja ni kicin ta ce, "Ki yi haƙuri, tsoro babanki ya ji. Bizarmu ta kusa ƙarewa, saura shekara guda ya gama." Na ce to. Ranar Lahadi Kawu Sadi ya zo ya sauke akwatin daga saman kwaba ya tafi da shi, ba wanda ya ce mini komai. Da Misis Pat ta kira ta ji dalilin rashin zuwana, ina tsaye a bakin ƙofa na ji Baba yana cewa na gaji da wasan ne, yara haka suke. Ranar gasar na wuni ina goge tagogi. Daga lokacin na daina kai masa shayi ba tare da an aike ni ba, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Yanzu ina Birmingham, a unguwar Lozells nake zaune, ina aiki a shagon magani. Baba ya gama karatunsa lafiya, ya koma Kano, ya koyar har ya yi ritaya. Na girma, na cika takardun zama da hannuna, na san irin tsoron da baƙo ke ji in hukuma ta kira sunansa. Bara na je gida, baƙi suka cika falo, sai na ji shi yana cewa, "Wannan da kuke gani gwanar harbi ce, jinin kakanta ne, ni na koya mata." Bayan sun watse na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ka tuna abin da ka faɗa a ofishin makaranta?" Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Wane ofis? Wallahi ban tuna ba, 'yata." Na dubi idonsa na ga ba ɓoyewa yake yi ba. Ba harbin nake kewa ba, akwai kulob kusa da gidana, in na so gobe sai in je. Yarinyar nan nake kewa, wadda ta juya a kan kujera da tabbacin cewa babanta zai faɗi gaskiya. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan rana, ashe ni kaɗai ke ɗauke da ita.