Tofin da Na Yi a Takeita

Da za a mayar mini da ranar nan, da ban ɗaga murfin gwangwanin Hadiza ba.

Hadiza 'yata ce, tana karatun kimiyya. Shekara guda ta yi tana dafa wani sinadari a tukunyar da aka zuƙe wa iska, tururinsa ya kwanta kan ƙananan gilasai ya zama fatar roba wadda ido ba ya gani. Saura a auna yadda fatar ke tare wutar lantarki, a wurin malamarta a Damagaram, kafin ta kare digirinta. Sai haihuwa ta zo, ta shiga jego. Ni aka aika.

Matameye

Bayan sallar asuba Hadiza ta miƙo mini gwangwanin da gilasan ke ciki, an naɗe bakinsa da roba. "Baba, ko iskar baki kada ta taɓa su."

"Na ji, uwata."

Kance

Jandarma ya leƙo mota, ya nuna cinyata. "Alhaji, zinariya ce ka rungume haka? Buɗe."

"Ranka ya daɗe, ka tsare ni in kwana nan, amma ba zan buɗe ba."

Direba ya sa baki, fasinjoji suka roƙa. Da ƙyar ya sake mu.

Takeita

Mun tsaya shan shayi, tsoro bai sake ni ba. Ban taɓa sallamar ɗa ko kaya ban yi musu tofi ba. Na koma bayan rumfa, na ware robar, na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa a kan gilasan, na rufe. Raina ya kwanta.

Damagaram

Malamar ta ɗora siraran allurai biyu kan gilashin farko. Lambobin na'urar suka yi ta tsalle. Ta gwada na biyu, haka. Ta ɗaga shi a haske, ta dube ni.

"Baba, wa ya buɗe?"

"Ni ne. Addu'a na yi."

Ta duba sauran gilasan. Jerin sama duka ya lalace, ta ce, danshi ya shiga fatar. Na ƙasa, da takarda ta raba su, sun tsira, amma ba su kai a rubuta sakamako ba. Sai Hadiza ta sake wata dahuwar bayan arba'in.

Gida

Na iso da la'asar, na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na faɗa wa Hadiza a tsaye. Ta daɗe tana kallon jaririnta.

"Baba, ai addu'a tana ratsa murfi."

Wanda aka ba irin wannan amana, don Allah ya yi addu'arsa daga waje.