Gammon da Ya Ƙi Komawa

Idan an gama cirar auduga a Maska, kakarmu Iya Gambo takan hura wuta da kararen, mu kewaye ta, jikokin da yawanmu ya isa a buɗe mana kasuwa. Ni ne a gaba, don gasasshiyar masara, ba don neman ilimi ba.

"Ga ta ta iso," in ji ta.

"Ta zauna mu ji ta!"

Tatsuniyar da ta maƙale mini ita ce ta gammo, mai zama tsakanin kai da kaya. Mai tafiya ta yi gaba, tulu ya ja baya, gammo ya karkace a tsakani. Da an sauke sai ya koma yadda yake, yana cika baki: "A ƙaro, ai ina komawa!" Aka ɗora masa dami, aka ɗora turmi, ni na ce har da jirgin ƙasan Funtua. Ran nan aka sauke, ya tsaya a karkace.

"Bai tsinke ba, ɗan nan," in ji Iya tana kallon wuta. "Komawar ce ta ƙi."

Yau aikina lissafin robobin da ake sa wa injinan gurzar auduga a ƙarƙashi. Ƙarfin da ke tura saman roba gefe, ka raba shi da faɗin fuskarta. Nisan da saman ya goce, ka raba shi da kaurinta. Muddin ba a ƙetare iyaka ba, za ta koma. Ina iya lissafin nan ina minshari. Sai dai iyakar roba a rubuce take zuwa, ta mutum kuwa sai an wuce ta ake gani.

Wana, Yaya Hamisu, shi ya riƙe gonar gado da marayun ƙanwarmu. Damina noma, rani lodin masara a kasuwar Bakori. Ka ce ya huta, ya ce, "Bari kawai, barci ɗaya na warware." Bara ya faɗi a tsakiyar gona. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya goce gefe.

Da ruwan farko ya sauka na je gaishe shi. Ya kamo ni da hannun da ke motsi.

"Injiniya, lissafa mini. Zan yi noman bana?"

Ni da ko a zaman makoki sai an tsawata mini kan ban dariya, sai na fake da wasa.

"Haba Yaya! Ai shanun huɗar ma sai sun roƙe ka ka jira su."

Ya yi dariya da rabin fuska. Ɗaya rabin bai yarda da ni ba.