Jirin Gidanmu

A unguwarmu ta Limawa kowa ya san 'yan gidanmu ba sa hawa sama. Wai jiri gare mu, na gado. Muna da dabino a gona, amma in ya nuna sai ɗan maƙwabcinmu ya hau, mu muna ƙasa muna nuna masa da baki, ya sauko ya ɗebi rabonsa.

Ban taɓa damuwa ba sai da so ya kama ni. Lokacin na sha littattafan soyayya na ƙoshi, na yarda ba abin da ke gagarar masoyi. Yarinyar 'yar wani maɗinki ce, kuma ta gaji da kalamaina.

"Malam, zancen wata da taurari ya isa haka," in ji ta. "Dabino nake so, wanda ka tsinko da hannunka. Ko jirin ne?"

Na kai kukana wurin kakata. Ta yi dariya har da hawaye.

"Angona, wane jiri? Farkon zuwan Turawa aka zo ɗibar maza aikin dole, ɗora jinkar bariki. Surukina, kakan ubanka, ya fi biri iya hawa. Sai ya zube yana juya ido, ya ce ciwon gidansu ne. Aka ƙyale shi. Daga ranar ko katanga bai sake hawa ba, kar dogari ya ji. Turawa sun tafi, jiri ya zauna."

"Ke da kika sani, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa kakanka ya hau ya faɗo? A ƙasa ya fi mini amfani."

Washegari na gayyaci yarinyar gona, ta zo da ƙawayenta. Na tuɓe riga, na rungumi dabino kamar shi nake nema da aure. Na yi nisa, wallahi na yi nisa. Sai na dubi ƙasa don in ga ko tana murmushi. Duwatsun garin nan kaf suka fara zagaye ni.

Ɗan maƙwabcinmu ne ya hau ya sauko da ni, ya koma ya tsinko mata dabinon. Shi ta aura.

Yanzu nakan tara 'ya'yana in gaya musu jirin nan ƙarya ne tun asali. Suna yarda. Amma dabinon bara ma ɗan yarinyar nan ne ya hau mana.