Ruwa a But ɗin Motar Malam

Shekarata ta biyu ke nan ina tuƙa motar Malam lokacin da abin ya faru. Baƙar mota ce, ta ɗan kwana biyu, wani attajiri cikin ɗalibansa ya ba shi ita bayan samun mulkin kai, don ya huta da hawan doki. Malam dattijo ne mai karantar da manya a zaurensa nan Tambuwal, kuma duk sati biyu sai mun tafi Kebbe, inda yake da wasu ɗalibai, limamai da manoma masu furfura. Littattafansa a but muke sa su, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, cikin gafaka. Akwai ɗaya da kakansa ya rubuta da hannunsa, takardu ne warwatse ba ɗinki. Wannan ko gafakarsa ba na ɗauka sai da alwala.

Ni kuwa a lokacin ji da kai gare ni, ba zan ɓoye ba. A Sakkwato na koyi tuƙi, ga hula a karkace, ga baki. Amma duk garin an shaide ni da abu ɗaya, ba na ƙarya. Ban gaji gona ba, ban gaji karatu ba, wannan shaidar ita ce abin da na mallaka.

Damina ta kankama, ran nan munka kama hanyar Kebbe da hantsi. Ba mu yi rabi ba ruwa ya tsuge, har munka isa bai tsagaita ba. Ɗalibai sunka fito tarbar Malam, na buɗe but, sai wani warin danshi ya buge ni. Gindin gafakar ya jiƙe sharkaf. Malam ya buɗe ta a zaure gaban kowa. Takardun ƙasa na littafin kakansa sun manne, tawada ta narke ta bi takarda. Inna lillahi! Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Sai wani limami, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a ji bakinsa, ya ce ai an san halin direbobi. In maigida ya shiga karatu, sai su sulale gulbi su yi lodin ɗanyen kifi cikin jiƙaƙƙen buhu, su kai wa 'yan kasuwa. Malam ya dube ni.

"Ka taɓa sa wani abu a wurin nan ban sani ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban taɓa ba."

"To, ta ina ruwa ya shiga mota rufe?"

Ya jira, ya jira, sannan ya ce, a hankali kamar yadda yake magana kullum, "Hasarar littafi na iya ɗauka. Ƙarya ce ban so." Gaban limamai, gaban manoma, har da mai kawo fura. Da munka dawo ya ce in ban nuna masa ta inda ruwan ya bi ba kafin tafiya ta gaba, in ajiye masa makulli.

Ba makullin ya dame ni ba, direba a lokacin ba ya rasa mota. Kalmar nan ta ƙarya ce ta ƙona mini rai.

Washegari na kwashe komai na shanya but. Na fara zargin ƙasa, ko ruwan hanya ke fantsamowa ta ramin da ake ajiye taya. Na leƙa, na laluba, ba huda. Na bi ta cikin wani kududdufi sau uku har mutane sunka tsaya kallona, na buɗe, ƙasa a bushe. Na koma kan fitilun baya, na kwance su, na yanko robar tsohon tiyub na yi masu matashi na ɗaure. Makaniken garinmu ya zo, ya watsa bokiti ɗaya, ya leƙa, ya ce ai ta gyaru. Kwana biyu anka sake ruwa, na buɗe, ga shi kwance a ramin taya yana jirana. Kai, na zagi motar nan zagin da ba zan maimaita ba.

Daga nan na yi dabara. Na ɗebo toka a murhun matata na barbaɗe cikin but ko'ina, na rufe. Da anka yi ruwa na gaba, sai ga sawu a cikin tokar, siriri, ya gangaro daga kusurwar sama ta hagu, inda murfi ke haɗuwa da robar da ta zagaye bakin but. Na duba robar daga waje, ba tsaga, ba komai. Na ce to, sai dai in shiga ciki in gani da idona.

Ba zan yi wannan a bakin titi a yi mini dariya ba. Na ɗage darnin bayan gida, na turo gindin motar cikin tsakar gida. Na ce wa matata ta cika tulu, in na shiga ta rufe ni, ta riƙa zubawa a hankali tana bin bakin murfi. Ta ce, "Maigida, ka bar wanga aiki, sai ka shaƙe ciki." Na ce ta yi abin da na ce. Na naɗe kaina na shiga da tocila, gwiwa a haɓa, zafi kamar tanda.

Na ji ruwa na sauka ta dama. Shiru. Na ƙwala mata, "Koma hagu!" Ta zuba ta tsakiya. Na ce, "Ke, hagu na ce, ko ba ki san hagunki ba?" Ta sake komawa dama. Sai da na buga murfin da ƙafa sannan ta zuba inda nake so. Nan take ɗigo ya sauka a kunnena, wani ya biyo, ya zama zare. Na haska, na ga robar ta ɗan tasa a wurin, kamar akwai abu ƙarƙashinta.

Da ta buɗe ni na sa yatsa na ɗaga robar. Wani ɗan abu ya faɗo, bai fi kan babban yatsa ba. Laya ce, cikin jar fata, ta sha ruwa ta kumbura har ɗinkinta ya fashe. Na juya, sai na ga matata ta ajiye tulu ta rufe fuska da gefen zane.

Inna ce, mahaifiyata. Yayana a cikin babbar mota ya rasu, ta kife da su a hanyar kasuwa, tun ina koyon tuƙi. Da na kama aikin Malam ta kawo mini laya in rataya, na yi dariya na ce birki mai kyau ya fi. Ashe ba ta haƙura ba. Wata rana ina masallaci ta sa matata ta ɗauko makulli, su biyu sunka ɓanɓare robar da tsinken saƙa, sunka cusa layar sunka mayar. Duk rani ba wanda ya sani.

Na tafi ɗakinta da niyyar faɗa, na tarar tana kaɗi. Na ajiye layar gabanta. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "To, motar ta taɓa kifewa da kai?" Na gaya mata abin da ya sami littafin, da abin da anka kira ni a Kebbe. Mazari ya faɗi daga hannunta. Ta yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, tana cewa ita ta ja mini. Sannan ta roƙe ni kada in faɗi sunanta gaban Malam, kunya za ta kashe ta. Duk fushin da na zo da shi ya zube, tausayinta ya kama ni.

Na koma na wanke wurin, na goge ya bushe, na shafa sholisho na danne robar, na rufe murfi na aza masa dutse har washegari. Na sake barbaɗa toka, matata ta juye tulu uku, wannan karon ba gardama. Toka ta fito a bushe.

Na sami Malam shi kaɗai bayan la'asar. Na nuna masa wurin, na miƙa masa layar, na ce ga abin da ya ɗaga robar. Ya ce wa ya sa ta? Na ce, "Allah gafarta Malam, na sani, amma na yi alkawari ba zan faɗa ba." Na san wannan amsar na iya cinye ni, tunda ba ta da bambanci da ta mai ɓoye laifi.

Ya juya layar a tafinsa. Ta inda ɗinkin ya fashe ya jawo takardar, ya warware ta a hankali. Rabin rubutun ya wanke, rabi na nan. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wanga hannuna ne. Bara wata tsohuwa ta aiko ta wajen iyalina, ta ce ɗanta shina tafiye-tafiye, ta riga ta rasa ɗaya. Ban tambayi ko wane ne ba." Ya naɗe takardar ya miƙo mini. "Ka ce mata ba ta yi laifi ba."

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ranar tafiya munka isa Kebbe, zaure ya cika, kowa ya buɗe littafinsa. Malam bai zauna kan buzunsa ba. Ya aika a kira ni daga wajen mota, na shigo na durƙusa bakin ƙofa. Ya ce in tashi. Tsoho mai wannan daraja, yana tsaye, ya kama hannuna gaban mutanen nan duka.

Ya ce, "A nan na ce wanga bawan Allah ya yi mini ƙarya. Bai yi ba, ni na zalunce shi. Ku da kunka ji waccan, ku ji wagga." Sannan ya juyo gare ni. "Ka yafe mini?"

Ni da ba a raba ni da magana, kai kawai na ɗaga masa, hawaye na zuba, shi kuwa bai saki hannuna ba sai da na iya cewa na yafe.