Maɓalli Mai Tsaga Biyu

Tun da muka baro ƙauyenmu na bayan Bena muka dawo Zuru, matata ba ta ƙara fita ƙofar gida ba. Ba ciwo take yi ba. Tana daka, tana tuƙa tuwo, tana kiwon kajinta. Ƙarar babur ce ba ta iya ji, Zuru kuwa ba a raba ta da babura.

A kan babura 'yan bindiga suka zo mana, da safe, muna shirin fita gona. Ni sun bar mini rauni a cinya, har yau ina ɗingishi. Yayana bai tsira ba. Ita ta wuni kwance a cikin gonar dawa, fuskarta a ƙasa, tana jin su suna kai da kawo. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan rana.

Ɗanmu soja ne, shi ya gina gidan da muka zauna. In ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan katanga, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗaki, ta jingina da bango har ƙarar ta mutu. Matan zumunta sun zo daga coci sun yi mata waƙa da addu'a. Ta ba su ruwa, ta gode, ta raka su zuwa zaure ta tsaya. Ɗiyarmu tana aure a can wancan gefen gari, ga ta da cikin fari. Wata rana na ji tana tambayar uwarta wa zai riƙe mata hannu a asibiti in ranar ta zo. Uwar ta ci gaba da tsintar wake.

Da Kirsimeti ya matso ɗanmu ya zo hutu shi da matarsa, da kwalaye cike da bayan mota. Na ɗauka injin niƙa ne. Ya ce sinima ce ta gida. Na ce masa sinima ba ta niƙa dawa. Ya ce tunda Mama ba ta fita, gara a kawo mata duniya cikin ɗaki. Na ƙyale shi, kayansa ne.

Ya kafa talabijin a bango, faɗinta ya kai taga. A ƙarƙashinta ya ajiye wata na'ura siririya, ya haɗa su da igiya ɗaya tak mai faffaɗan baki. Ni na saba da igiyoyi uku, ja da fara da rawaya, na ce ya manta sauran. Ya ce wannan ɗayar ta ɗauke aikinsu duka. Sai sifikoki ƙanana guda biyar, da wani baƙin akwati da ya kira wufa, wanda ba ya magana sai gurnani. Uku ya jera a gaba. Biyu ya kai bayan kujeru, ya bi da wayoyinsu ta gindin bango. Na tambaye shi amfanin murya a bayan mutum. Ya ce haka ake yi, sauti ya kewaye ka kamar kana cikin abin. Ban yi tunani a kai ba. Shi ma da yake soja bai yi ba.

Fayafayen a cikin shuɗɗan gidaje suke, bulu-re ake ce musu. Ina da wata tsohuwar na'ura da na saya a kasuwar Zuru, wadda muke sa mata fayafayen nan masu fim goma a ciki. Yana wanka na ɗauki ɗaya daga nasa na zura mata. Ta yi ta juyi, ta tofo shi. Na hura masa iska, na goga a gaban rigata yadda kowa ke yi. Ɗan ya fito ya same ni a haka.

"Baba, ba tasa ba ce, ba a kankare shi."

"To me ya hana shi yi?"

"Tsohuwar ba ta da idon karanta shi. Sabuwar ce ke karanta nata da na tsohuwar."

"Kamar ni da kai ke nan," na ce.

Ya nuna mini yadda ake riƙe shi, yatsa ɗaya a ramin tsakiya, ɗaya a gefe. In ya yi ƙura, a share da ƙyalle mai taushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Na farko da ya sa na namun daji ne da gonaki na wata ƙasa. Ban taɓa ganin hoto irin wannan ba. Ana ganin ƙuda a kan idon ɓauna. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu, ba ta zauna ba. Da aka nuno wata gonar masara sai ta matso, ta ce waɗannan mutane ba su yi maimai ba, ga ciyawa nan har gwiwa. Ɗan ya ce Mama, ƙasar Turawa ce fa. Ta ce ko ta wa ce, rago rago ne. Ta yi dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Ranar Kirsimeti bayan an taso daga coci maƙwabta suka cika ɗakin. Da yawansu irinmu ne, masu gudun hijira, wasu daga wajen Wasagu, wasu daga Ribah. Matata ta zauna a tsakiyar mata. Samari suka ce sun gaji da ɓauna, a sa na faɗa. Ya sa. Ana cikin kallo sai ƙarar babura ta taso daga bayanmu, daga nesa, tana matsowa, wufa kuma yana girgiza ƙasa. A bango ba a nuno komai ba tukuna, hanya ce kawai babu kowa.

Wani dattijo daga Wasagu ya kwanta rub da ciki. Mata biyu suka suri yara suka yi waje. Ni kaina na tsinci kaina a bayan ƙofa da ƙotar fartanya a hannu, ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Ɗan ya fizge wayar wuta daga bango. Da ɗakin ya yi tsit aka fara dariyar kunya, ana karkaɗe tufafi, ana tsokanar dattijon cewa ya fi soja iya kwanciya. Matata ba ta cikin masu dariyar. A ɗakin ajiya na same ta, tsakanin buhunan dawa, ta toshe kunnuwa. Ba ta ci abinci ba ranar.

Ɗan ya ce zai kwashe kayan ya koma da su. Na ce ya bar su, wanda ya ƙone da tuwo ba ya daina cin tuwo. Ya cire sifikokin baya ya mayar cikin kwali, ya jefa faifan baburan a kan kabad. Kafin ya koma bariki ya karɓi jan farcen matarsa ya ɗiga mini a kan maɓallan rimot da zan riƙa taɓawa, tunda ba na karanta Turanci: na kunnawa, na buɗe bakin na'ura, na tafiya, na ƙara da ragi.

Bayan tafiyarsa, in an kawo wuta da rana, sai na sa na namun daji, murya ƙasa-ƙasa. A hankali ta dawo bakin ƙofa, daga baya ta dawo kujera. Yatsuna kaurara ne, ina danna maɓalli biyu a lokaci guda, sai rubutu ya cika bango mu rasa hanyar fita. Ta ce in ba ta abin kafin in kashe shi. Daga ranar rimot ya koma hannunta.

Ita ta gano wani maɓalli da ba a sa wa jan farce ba, mai zane biyu a tsaye. Ta ce wannan mai tsaga biyu ne, bari ta ga ko ɗan wane gida ne. Ta danna. Zaki ya yi tsalle zai kama barewa, sai ya tsaya cak a iska. Ta dube shi, ta dube ni. Ta tashi ta je ta juya miya, ta ba kaji ruwa, ta dawo. Yana nan a iska.

"Ka gan shi," ta ce. "Ni yake jira."

Ta sake dannawa, ya faɗa kan barewar. Ta ce da ta sani ta bar shi a sama.

Rani ya yi nisa lokacin da ta ce in sauko mata da faifan da ke kan kabad. Na ce a'a. Ta ce ba shawara ta nema ba, tsawo ta nema, ita hannunta ba ya kaiwa. Na sauko da shi, na share ƙurar daga tsakiya zuwa baki. Ta rage murya har sai an kasa kunne. Da muka iso wurin, ƙarar ta fara, na ga wuyanta ya sandare. Babur na farko yana shigowa ta danna mai tsaga biyu.

Mutumin ya daskare a bango, baki buɗe. Ta daɗe a zaune. Sannan ta tashi ta je dab da shi, kamar mai duba akuya a kasuwa. Hoton ba ya ɓoye komai: gumi a goshinsa, maɓallin rigarsa ɗaya ya cire, tayar gaba ta cinye. Ta ce ranar nan a gonar dawa ba ta ga ko ɗaya ba, jin su kawai ta yi. Tun da muka zo Zuru ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba sai a nan. Ta koma ta zauna, ta sake shi ya yi tafiya kaɗan, ta tsayar da shi. Haka ta yi ta yi da shi har aka ɗauke wuta.

Ya zama aikinta na rana. In ta gama girki sai ta ce in kunna mata mutanenta. Wata rana ta ƙara murya. Wata rana ta kasa, ta kashe ta shige ɗaki, washegari ta dawo. Ban taɓa ganin ƙarshen fim ɗin ba, ban san wa ya yi nasara ba.

Da damina ta faɗi ta ce in mayar da sifikokin baya. Na fito da su daga kwali, na rarrafa a gindin bango da ƙafata mai ciwo, jar waya a jan rami, baƙa a baƙi. Ashe na musanya hagu da dama. Babur ya yi gabas a bango, ƙararsa ta yi yamma. Ta ce ko a fim ban iya nuna wa mutum hanya ba. Na ce na yi wa ubanta golmo, na nome masa gona shekara da shekaru kafin a ba ni ita, ban san akwai saura ba. Ta ce wancan na ubanta ne, wannan nata ne. Na sake rarrafawa na gyara. Ta zauna a tsakiyar ɗaki, ƙarar ta taso ta bayanta. Ta bar ta ta zo har ƙeyarta kafin ta danna.

Dawa ta kai gwiwa lokacin da surukinmu ya zo da hantsi, a kan babur, ya ce an kai ɗiyar asibiti. Ya tsaya a waje ya kashe injin, ya san halin gidan. Matata ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta fito da ɗankwalin zuwa coci da fulas na kunu. Ya ce Mama ki hau in kai ki. Ta ce ya yi gaba, ƙafarta ba ta mutu ba.

Na ɗauki sandata na bi ta. A zaure ta tsaya, ta ja numfashi, ta fita. Hanyar ba ta da nisa ga mai lafiya, amma ni ina ɗingishi, ita kuma duk babur da ya taso sai ta koma gefen kwata ta juya ta fuskance shi, ta bi shi da ido har ya wuce. Na lura babban yatsanta yana danna murfin fulas. A mararrabar kasuwa suka taso da yawa a tare, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Na ce mu koma. Ta ce in rufe mata baki. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu ya ce, Mama, tafiya ce? Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya je ya gyara fitilarsa.

Mun isa an riga an haihu. Mace ce. Ni aka tsayar da ni a baranda, amma ƙofar a buɗe take. Ɗiyar tana kwance, ta ɗago kai ta ga uwarta, ta daɗe tana kallonta.

"Mama, kin makara."

"Ubanki ne ba ya sauri," ta ce. Ta ajiye fulas ɗin, ta wanke hannu, ta ce a miƙo mata yarinyar.